'Yata Ta Daina Kirana Baba

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kwana huɗu ke nan kaina ya ɗaure. Ni direban motar kaya ne, sai in yi mako biyu ban kwana a gida ba. 'Yarmu ɗaya, muna ce mata Gimbiya, shekararta biyu da wata uku. Kowa yabonta yake yi, wai ba ta da rigima. Ni ma har alfahari nake a cikin abokan aiki.

Wata shida da suka wuce matata ta ce mini ita fa hankalinta bai kwanta da yarinyar nan ba, ba ta kallon ido, ba ta amsa kira. Na yi mata faɗa sosai, na ce kada ta jawo wa 'yata abin da babu. Ai ni ma mahaifiyata ta ce sai da na shekara uku bakina ya buɗe. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba.

To ranar Litinin ina zaune a mota ina jiran a gama lodi, wayata ta cika, na shiga goge tsofaffin hotuna. Sai na ci karo da wani bidiyo na lokacin tana shekara ɗaya da wata biyu. Ga ta a bakin ƙofa tana ɗaga mini hannu, tana cewa Baba, tana nuna mota da yatsa tana waiwayen uwarta. Na rasa yaushe rabon da in ji wannan kalmar a bakinta.

Da na dawo gida na same ta a falo, ta kifa motar wasanta tana juya taya ɗaya. Na kira ta sau tara, ina ƙirgawa. Ko motsi. Na ce ko kunne ne, amma uwarta na buɗe ledar biskit a kicin sai ga ta da gudu. Ba ta roƙa ba, hannun uwar ta kama ta ɗora a kan ledar. Da yamma kuma na gyara takalman da ta jera a jikin bango, ta yi ta ihu tana toshe kunne kusan rabin awa. Matata kallona kawai ta yi, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Ashe duk wannan a gabana ake yi ban gani ba? Yawan tafiyata ce ta sa ta manta ni? Ko wayar da muke ba ta ce? Mahaifiyata ta ce a ƙyale ta za ta yi magana. Ni tsoron asibitin ma nake ji, kada a faɗa mini abin da ba zan iya ɗauka ba.

Direba mai fargaba

Ɗan'uwa,

Na ji firgicin da kake ciki, kuma ba zan ce maka babu komai ba. Ba zan kuma sa wa Gimbiya sunan wata lalura daga wasiƙa ba, wannan aikin likita ne bayan ya gan ta.

Mahaifiyarka tana da gaskiyarta, yara da yawa suna jinkirin magana su kuma warware lafiya lau. Sai dai jinkiri daban, rasa abin da aka riga aka iya daban. Yarinyar da ta taɓa kira, ta taɓa nuni da yatsa, ta daina, ga rashin amsa suna da tashin hankali idan an taɓa tsarinta, waɗannan suna cikin alamomin da likitoci ke dubawa na abin da suke kira otizim, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma da yadda yake mu'amala da mutane. Yana iya zama shi, yana iya zama wani abu. Ba a jira da irin wannan.

Kafin ka sake hawa hanya, ku kai ta wurin likitan yara, kai da matarka tare. Ku nemi a gwada jinta ko da tana jin ƙarar leda. Ka tafi da tsohon bidiyon, ku ɗauki sababbi na yadda take yanzu, matarka ta rubuta abin da ta lura da shi da lokacin da ya fara. Idan an tura ku wurin masu koyar da magana, ku je. Taimakon da aka fara da wuri yana da amfani ƙwarai.

Tafiyarka ba ta jawo wannan ba, renon uwarta ma haka. Waya kuwa ku rage ta, don ta samu lokacin wasa da ku. Ka zauna ƙasa kusa da ita, ka shiga wasan da take so, ka riƙa faɗin sunan abin da take riƙe da shi a gajeren zance.

Sannan ka ba matarka haƙuri, da baki, yau. Wata shida tana ɗauke da wannan tsoron ita kaɗai a cikin gidanka, kuma ita ce ta fi kowa sanin yarinyar. Duk abin da likita zai faɗa, za ku fi iya ɗaukarsa ku biyu.

Allah ya raya muku ita, ya kwantar muku da hankali, ya kai ka gida lafiya kowace tafiya.

Antinku