A Kan Hana Buhu da Tsohon Kwali a Reshen Kago na Deira

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Muhalli na kamfaninmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne mai karɓar kayan 'yan kasuwar Arewa a reshen kago, wato jigilar kaya, na Deira a nan Dubai, saboda ni kaɗai ke jin Hausa a wurin. Na kai kuka ta hannun manajanmu ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili. Na daɗe ina juya maganar a littafin da nake rubuta al'amuran yini, ina tambayar kaina ko ni ne ban fahimta ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ban ƙi a kare muhalli ba.

1. Bayan Babbar Sallah aka turo doka ɗaya ga dukan rassa, da otal da ofis da kago: ba leda, ba buhu, ba tsohon kwali, sai sabon kwali mai tambarin kamfani. Ba wanda ya sauko sito ya ga yadda muke ɗaure kaya kafin a rubuta ta.

2. Da can tsofaffin kwalaye muke karɓa a shagunan unguwar Al Ras, mu shirya kaya, mu sa a buhu, mu ɗinke da basilla. Buhun in ya isa Kano ba a yar da shi. Ko a zuba hatsi, ko ya dawo a wata tafiyar. Yanzu tsofaffin kwalayen bola suke tafiya, mu kuma muna ɓare sababbi. Wataƙila akwai dalilin da ya sa hakan ya fi, ni dai ban gane shi ba.

3. Ga abin da ya fi damuna. Kowane ɗan kasuwa yana da ƙyallen da ake ɗaura masa a kunnen buhu: wani ja, wani kore, wani yankin atamfar matarsa. Da shi masu sauke kaya a Kano ke gane na wane ne, don yawancinsu ba sa bin lamba. Kwali ba shi da kunne, kuma an hana mu ɗaura masa komai. A kwantenar da ta wuce, abayoyin Hajiya Talatu, wadda ta fara ba ni amanar kayanta tun ina sabon zuwa, suka tafi shagon wani mai takalma. Kafin a gano su, bikin da aka saye su dominsa ya wuce. Ni ta kira, ba kamfani ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai koma wurin wani wakilin.

4. Abokan tafiyarta suna bin ta ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya shaida mini sabunta kwantiragina ya danganta da 'yan kasuwar da suka rage, bizata kuma a jikin aikin take. 'Ya'yana a gida da wannan albashin suke makaranta.

Roƙona shi ne a turo mutum ya yini da mu a sito, a kuma sake duba dokar ga kayan da ke bin teku. In hakan ba zai yiwu ba, a bar mu mu ɗaura ƙyalle kafin a loda kwantena ta gaba. In kuwa ni ne na yi kuskure, a fahimtar da ni yadda zan fahimtar da 'yan kasuwar, domin ni suke tarewa a bakin sito.

Allah Ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka, Ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya.

Wassalam.

Sabi'u Lawandi,
Hor Al Anz, Dubai.