Atamfar da Dokta Zaituna Ta Mayar Mini

Talata, 1 ga Oktoba, 2024

Zama na uku a asibiti. Suka sa mini ƙarin ruwan nan mai ketamin, wanda ake yi wa masu ciwon damuwar da ya ƙi jin ƙwaya. Ɗakin ya narke, ni ma na narke. Dokta Zaituna, likitata 'yar Sudan, tana gefena awa biyu cur. Na kama hannunta ina kuka, ina kiran Inna. Ba ta janye ba. Shekarata huɗu a Dubai, ba wanda ya taɓa riƙe mini hannu.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ofishinmu na kago, inda muke tura kaya ƙasashen waje. "Ya aiki, Mero?" "Lafiya lau." Iyakar maganata ke nan yau.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kai wa Dokta Zaituna atamfar da na ajiye don Sallah. Mutum ya yi maka irin wannan alheri, ai ba ka je masa hannu rabbana ba. Ta shafa, ta yaba, ta turo mini abata. Wai dokar aikinsu ta hana. "Habibti, ni likitarki ce, ba yayarki ba." A gidanmu mayar da kyauta zagi ne. Kunya kamar in nutse. Da ledar a cinyata na yi ta kuka har unguwarmu, Al Rigga.

Talata, 15 ga Oktoba

Ban je ba. In ciwon zai dawo, ya dawo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ya dawo. Ko wanka na kasa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Sai a kira na uku na ɗauki wayar Dokta Zaituna. "Kin fara samun sauƙi, kar ki yar." Na ce ai ta nuna mini matsayina. Ta ce, "Zama uku suka rage mana, Mero. Bayan nan wa gare ki?" Na kashe waya.

Talata, 22 ga Oktoba

Na je. Ba don ita ba.

A takardar da ake rubuta wanda zai mai da mutum gida, kullum direban tasi nake sawa. Yau na sa Hadijatu, wadda muke tebur ɗaya a ofis. Tun kafin a cire mini allura ta iso. A mota ta ce, "Haba Mero, kina wannan fama, ga ni kusa da ke?"

Na dai jingina da kafaɗarta har gida. Jiri ne kawai.