Fuskar ɗan masuncin Babanka

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ni lafiya lau, yayarka Rabi ta warke, Babanka ne dai idon ya ƙi sauƙi.

Ɗan mutum-mutumin masuncin da ka sassaƙa masa da siffarsa, ka tafi ba ka yi wa fuskar fenti ba, kullum sai ya tambaya. Na tarar zafin Argungu ya daskarar da fentinka mai ruwan ƙasa, sai na zuba kananzir yadda ake yi wa fentin ƙofa. Wallahi nan take ya tsinke kamar lalataccen nono! Na shafa haka nan, hancin ya ɓace. Babanka ya kai shi dab da ido ya ce, "Hajiya, wanga ni ne ko dankali?"

Raina ya ɓaci. Rabi ta kankare shi, ta ce ruwa ake sawa. Ɗigo nawa? Ja da rawaya suka rage, me zan ƙara su zama launin fatarsa? Rubuto da manyan baƙaƙe, ka san karatuna.

Ka amsa kafin Laraba. Alhamis za a yi masa aiki a Birnin Kebbi, yana son ganin fuskarsa kafin a rufe idon. Ka sa shi a addu'a, ka gaida Kawunka.

Innarka