Karkashin Wanke Kai Ba Ya Son Kanwa

Da sunan Allah. Ni Safiyatu, mahaifiyarku, nake rubuta wannan da hannuna a Makoda. Ƙafafuna sun gaza, amma hankalina yana nan daram. Kada wani ya ce zafin ciwo ne.

1. Gona da awaki, malamai su raba yadda shari'a ta ce. Hashimu, kai ne babba. Ka tsaya a yi, ba kai za ka yi ba.

2. Fegin bayan gida, inda ganyen karkashina yake fitowa, na ba Ramlat kyauta a gaban mai unguwa. Turmi da rariya da tukunyar jiƙo na ba Aina'u, wadda na koya wa haɗin karkashin wanke kai. Da gangan na yi. Mai ganye ba ta iya haɗi ba, mai haɗi ba ta da ganye. In kun ci gaba da gaba da juna, sana'ar da ta ciyar da ku ta mutu.

3. Aina'u, kin zuba kanwa a jiƙon karkashi don yauƙi ya ƙaru, sai ka ce da tuwo za a ci, kika wanke kan Nazira 'yar Ramlat da shi gab da sallah. Fata ta saluɓe, gashi ya zube gefe guda. Gaggawa ce, da son a yaba miki. Ruwan sanyi kawai karkashin wanke kai yake so, a ƙyale shi ya saki yauƙinsa, a tace. Ki gwada a bayan hannunki kafin ki taɓa 'yar wani. Kuma har yau ba ki je kin ba da haƙuri ba. Aike ba zuwa ba ne.

4. Ramlat, gashin Nazira ya fito, har kitso ake mata. Ke ce ba ki warke ba. Kina aiko mini da kunu don kada ku haɗu da Aina'u a ƙofata. Ban yi miki wannan tarbiyyar ba.

5. Ban yafe a zuba man bilicin a haɗina ba. Ciwon da ya wuce ƙaiƙayi da bushewar fata, ku tura asibiti.

6. Wankan gawata ku biyu za ku yi, ba na son kowa. Aina'u ta kaɗa magarya, Ramlat ta zuba ruwa. Dole ɗaya ta yi wa ɗaya magana, ko da a kaina ne.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku. Hashimu, kada ka bari gidan nan ya watse.