Sarƙar da Ba Ni Na Saya Ba

Keondra, hasken idona, sanyin ƙirjina, furen da ya riga kowa tsirowa bayan ƙanƙara,

Yau alƙalami ya fi ƙwallo nauyi a hannuna. Kwana goma suka rage in zaɓa: in bi ki jami'a in buga musu ƙwallon kwando ina karatu, ko in sa hannu a takardar dillalin 'yan wasa in faɗa cikin ƙwararru daga gama sakandare. Kowa a garinmu Flint ya riga ya zaɓa mini, har mai askina. Ke kaɗai kika bar mini zaɓin, hakan kuwa ya hana ni sakat.

Kin tuna ranar da muka tsaya a ƙofar zauren wasan makarantarmu, hannunki cikin aljihun rigata, yayana Tavaris yana goge daɓe? Shi ma yana ɗan shekara sha takwas ya sa hannu a takardar dillali. Ranar da ƙungiyoyin ƙwararru ke zaɓen 'yan wasa ya ci kwat ya zauna, aka kira sunaye har aka gama, babu nasa. Ya juya jami'a, suka ce wanda ya karɓi ko loma daga dillali ba ya buga musu. Ranar nan da muke tsaye a ƙofa ya ɗago ya ce, "Kai dogon banza, matsa, ka taka mini inda na goge." Kika yi dariya, ni kuwa na matsa gefe. Wayyo Keondra! Tun daga nan, in na tashi sama zan jefa ƙwallo, shi nake gani tsaye ƙarƙashin kwandon da bokitinsa, yana jiran in sauko.

Ke nake so in bi, wallahi ke. Amma ta yaya zan bi ki da ƙarya a bakina? Sarƙar nan da na ɗaura miki ranar rawar makaranta, wadda kike taɓawa in ina filin wasa, ba ni na saya ba. Dillalin ne ya miƙo mini, ya ce ai ba komai. Na so in ga kin haskaka, na karɓa.

Gobe zan kira kocin jami'ar in faɗa masa da bakina, ko da zai rufe mini ƙofa. Ina roƙonki, rabin raina, ki cire ta ki ba ni in mayar. Ina da fuskar da zan roƙi ki jira ni? Ba ni da ita, amma ina roƙo.

Naki, ko an kira sunana ko ba a kira ba, har in daina numfashi,

Dontrell