Abu Huda Zai Je Farautar Barewa

Jidda, daren Alhamis

Maigidan ya shigo min da karen farauta na aro, wai jibi za su fita neman barewa shi da ɗan kafilinsa, wato ɗan Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa. Mutumin da ko kaza sai an yanka masa a kasuwar Bab Makka.

Na ce, "Abu Huda, hukuma ta hana taɓa barewa, da kare ko babu kare."

Ya ce ai ya tambayi malam, farauta da horarren kare halal ce.

Na ce, "Malam ne zai sabunta maka iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan? In aka kama ku, shi ɗan kafilin, ubansa zai fito da shi kafin la'asar. Kai kuwa sai a sa ka a jirgi a mayar da kai gida."

Sai ya ɗauki wayarsa. Ga shi can a falo yana gaya wa abokin tafiyar a waya wai ciwon baya ya taso masa, har da ɗan nishi.