Ranar da Aka Tafa wa Baba a Bakin Teku

Puerto Deseado, 4 ga Janairu, 1987

Ƙanwata Nelida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba. Tun rasuwar Mama nake faɗa, dattijo mai shekara tamanin da biyu ba shi da abin nema a bakin tekun Mar del Plata lokacin zafin nan namu na Janairu, da kowa ke tururuwa can hutu. Wannan ai kasuwa ce aka zuba wa ruwa a gefe. Wata rana sai ya ɓace muku. Na gyara masa ɗaki. A nan mutum sai ya yi tafiyar awa guda a kan yashin bakin teku bai ga ko kare ba, sai iska. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke shi.

Yayanki,
Osvaldo

Mar del Plata, 11 ga Janairu

Yaya Osvaldo,

Muna amsawa. A gaida matarka da iskar garinku. Kai dai ba ka canzawa! Wane cunkoso? Jiya har ƙafa ɗaya na samu na miƙe. Kullum ƙarfe tara Baba ke kafa lemarsa inda suka yi shekara arba'in suna zama da Mama, ya cika ƙoƙon shayinsa na mate, ya miƙa wa duk wanda gwiwarsa ta taɓa tasa. Kafin rana ta raba ya san ciwon bayan kowa. Idona na kansa, ko ƙiftawa ba na yi. Ɗakin nan ka zuba dankali a ciki.

Ka huta lafiya,
Nelida

Puerto Deseado, 19 ga Janairu

Nelida,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice. Ga hoton da na yanko daga jarida. Wane tsoho ne wannan a wuyan wani ƙato, da hular Baba, da ƙafafun Baba, jama'a sun kewaye shi suna tafi? Maƙwabcina ne ya kawo min, yana dariya har da hawaye. Sannu, mai ido ba ƙiftawa. Na riga na sayi tikitin mota.

Osvaldo

Mar del Plata, 25 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ka, kaina a ƙasa. Dafaffiyar masara na je sayowa, minti biyar! Shi kuma ya je jiƙa ƙafa, ya juyo ya ga lema dubu duk kala ɗaya. Ka san yadda ake yi in yaro ya ɓata: a ɗora shi a wuya, kowa ya kama tafi har uwarsa ta ji. To, Baba sai ya dafa wani mahauci da ya zo hutu daga Cordoba, ya ce, "Ɗana, an samu ɓataccen yaro." Mutumin ya waiga hagu da dama, ya ce, "Ina yake, Kaka?" Baba ya ce, "Ga ni. Durƙusa."

Tafi ya kama tun daga bakin ruwa har titi. Ni ma na maƙale masara a hammata ina tafawa, ina ce wa ta kusa da ni, "Wace sakarar uwa ce wannan?" Sai na hango hular. Yaya, na so yashi ya tsage in shige. Da na isa kuma kuka na fashe da shi, don na tsorata ƙwarai.

Tunda asiri ya tonu, sau biyu ya sake ɓata a makon nan, kuma kullum dab da lemar mahaucin. In za ka ɗauke shi ba zan iya hana ka ba, amma da bakinka za ka faɗa masa. Na karanta masa wasiƙunka.

Ƙanwarka,
Nelida

Mar del Plata, 26 ga Janairu

Osvaldo ɗana,

Allah ya yi maka albarka. Na ga tekunka bara. Awa uku na zauna da ƙoƙon mate a hannu, ban sami wanda zan miƙa wa ba har ya huce. Tun da uwarku ta tafi shiru ya yi min yawa, ba sai ka ƙara min ba. A nan in na ɓata, mutum dubu ke tafi har a same ni. A can wa zai tafa, kifi?

Kada ka mayar da tikitin. Ka zo, ka taho da gajeren wando. Mahaucin zai koma garinsu ranar Lahadi, kuma na tuna wuyanka ya fi nasa kauri.

Ubanka,
Anibal